Sukarin da na zuba da wuri

Assalamu alaikum. Wata bakwai ban ce komai a nan ba. Na ga saƙonninku, hannu ne bai bar ni na amsa ba.

Yawancinku kun san maigidana Malam Sale ya rasu, kun kuma san kunun zaƙi nake sayarwa a gida. Abin da ya biyo baya ne ba ku sani ba.

A gidanmu ba a sa wa kunu sukari sai an zo sha. Haka Inna ta koya mini, ita ma gado ta yi daga kakarta, wadda ta yi sana'ar a Guri tun kafin zuwan Turawa. Su busasshen dankali da tsiron shinkafa suke niƙawa a ciki, kunu ya kwana, ya yi zaƙinsa da kansa.

Ina cikin takaba na saɓa wa wannan ƙa'ida. Jikina ba ya son aiki sau biyu. Na zuba sukari tun kunun yana tsima, na ɗura a kwalabe masu murfin murɗawa, na ɗaure tam. Ɗaya ta shige bayan randa, ta yi kwana uku a zafin bazara.

Ina ɗauko ta, ta fashe a hannuna. Ɗaki ya ɗauki wari kamar na giya. Tafin hannuna na dama ya tsage har ƙaramin yatsa.

Na wanke, na ɗaure da tsumma. Ban je asibiti ba, don a sanina mai takaba ba ta fita.

Kwana tara ina zaune. Hannu ya kumbura, yatsan ya yi baƙi, zazzaɓi ba ya sauka.

Yaya Hajara, wadda nake bi, ta zo daga garin Malam Madori duba ni. Ta kwance tsumman, ta kau da kai.

"Wa ya ce miki takaba ta hana zuwa asibiti?"

"Haka na tashi na ji, Yaya."

"A bakin wa? Ɗauki mayafinki. In laifi ne, a rubuta a kaina."

Duk da haka ban motsa ba sai da ta aika aka tambayi limamin unguwa. Ya ce larura ce, in tafi yanzu.

A asibiti aka yanki kati, aka ɗebi jini, aka yi hoton hannu. Likita ya ce, "Baiwar Allah, kin san kina da ciwon suga?" Ban sani ba. Ya ce shi ya hana ciwon haɗewa.

Sai ya ce, "Yatsan ya riga ya tafi. Hannun muke ƙoƙarin ceta."

Da hannun nan nake dama kunu, da shi nake ciyar da 'ya'yana uku. Abin da na yi ta tunani ke nan.

Nas ta kawo takardar tiyata, ta ce, "Ina maigida? Ya zo ya sa hannu." Ba ta sani ba. Yaya ta karɓi biron ta sa hannu, aka yanke yatsan.

Sati uku na yi a kwance. Wankin ciwo kowace safiya, allurar suga, ƙarin ruwa. Wankin ya fi yankan zafi. Akuyar da Malam ya bar mini aka sayar aka sayi magani.

Wata safiya likita ya buɗe bandeji, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Nama ya fara ja. Hannu naki ne."

Alhamdulillah. Yanzu ina riƙe ludayi, ina tata, sai dai a hankali.

Na gode wa Yaya Hajara, da ma'aikatan ɗakin mata, da maƙwabtan da suka riƙe mini yara. Allah ya saka, ya jiƙan Malam.

Masu kunu da zoɓo, kada ku rufe abin da kuka sa wa sukari a kwalba ku bar shi cikin zafi. Ciwon da ya wuce kwana uku bai kama hanyar warkewa ba, a je a auna suga.

Mai takaba kuma, in ciwo ya same ki, ki fita. Likita ya ce da ranar farko na zo, da ɗinki huɗu zai yi mini in koma gida da yatsuna biyar.