Ƙwayoyin Tarin Ɗiyata ta Fari

Shekarar da kuɗin man fetur suka kwashe mazan garinmu zuwa aikin titi, har da maigidana, ita ce shekarar da tarin fuka ya kama ɗiyata ta fari. Shekararta shida. Tun yaye tana hannun uwar mijina, Hajiya, a Ruwan Godiya, ni kuma ina wani ƙauye wajen Sabuwa. A wurinmu ɗan fari abin kunya ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka tambayar lafiyarsa gaban manya, ko faɗuwa ya yi sai ka kau da kai. Haka na taso, haka kuma na yi.

Ƙanen mijina ne ya kai ta asibiti a Ƙanƙara. Bayan allurai aka haɗo su da ƙwayoyi, malamin asibiti ya ce kullum a sha, ko ta ji sauƙi kada a fasa, in aka yi wasa ciwon zai dawo ya fi da. A bakin mata na tsinci wannan bayani, ina daka, na yi kamar ban ji ba. Amma wallahi tun ranar abinci ya daina yi mani daɗi.

Bayan wata biyu na ƙirƙiro zuwa barka Ruwan Godiya, na hau motar kasuwa. Na iske yarinya a gindin turmi, wuya duk ya zurma, tana tari tana dafe ƙirji. Na gaida Hajiya, na tambayi awaki, na tambayi dawa, ita kaɗai ce ban tambaya ba. Kaico!

Muna zaune wata maƙwabciya ta shigo, wai jikanta ya kwana yana tari. Hajiya ta jawo kwallar da ke ƙarƙashin gado, ta kwance ƙullin leda, ta zuba mata ƙwaya huɗu a tafi. Ashe haka ake yi. Duk mai tari a unguwa nan yake zuwa, Hajiya kuwa ba ta iya hana kowa komai, ko gishiri ne. Ta ce ai yarinya ta warware, sai ranar da jikinta ya yi zafi take ba ta.

Na dubi abin da ya rage a ledar, ba zai kai mako ba. Ina son Hajiya, Allah ya sani, amma a lokacin ji na yi kamar in fizge kwallar. Aka kira la'asar, yarinya na ta tari a bayana.

Sai na ji bakina ya buɗe.

"Hajiya, maganin ɗiyata ne. Ita kaɗai aka ba. Zan tafi da ita."

Maƙwabciyar ta riƙe haɓa. Hajiya ta dube ni ta ce ba ta taɓa zaton za ta ga ranar da zan zubar da kunya a ɗakinta ba. Ta turo mani ledar da ƙafa.

Na durƙusa na ce yarinya ta hau. Ta tsaya tana duban kakarta, don ba ta san bayana ba. Da ƙyar ta hau. Na ɗaura zane na miƙe da ƙarfi, ina jiran nauyin 'yar shekara shida, sai na yi taga-taga na kusa kifawa. Babu nauyin komai a jikinta.