Kujerar da Ke Kallon Bango

Ranar Litinin, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Yaya, mai zaɓen 'yan wasa a kamfaninmu na shirye-shiryen talabijin. Ciwon ƙirji ne ya taso mata tana shirin fitowa aiki, kafin a gama yi mata gwaje-gwaje a asibiti ta cika. Ina ofis babban ɗanta ya kira ni ya ce, "Kawu, Mama ta rasu." Na daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe. Daga Allah muka zo, kuma gare Shi duka za mu koma.

Yaya, ba ciki ɗaya muka fito ba, amma tun ina saurayi mai baƙin gashi nake kiran ki haka, ke kuma kike kira na Alƙalami, saboda ni ne mai rubuta labaran da kike nemo wa 'yan wasa. Ma'aikata suna da wani sunan da suke kiran ki da shi in kin ba da baya: Mai Kallon Bango. Sun ɗauka ba ki sani ba. Ni kuwa na san kin sani, domin kin taɓa sa hannu da shi a katin gaisuwar da muka aika wa mai gyaran sauti da aka yi masa haihuwa.

Ga wanda bai taɓa shiga ɗakin gwajinmu ba, bari in faɗa masa asalin sunan. Ɗaki ne dogo a hawa na biyu, taga ɗaya, fanka mai ƙara. A nan masu neman fitowa a shiri suke zuwa su karanta abin da na rubuta. Darakta da mai kamfani suna zama a bayan tebur, suna kallon mai shigowa tun daga ɗankwali har takalmi. Ke kuwa sai ki ja kujerarki ta katako ki kai ta ƙurya, ki juya wa kowa baya, ki zuba wa bango ido. Ba kya waiwayowa sai kin gama yanke hukunci a ranki. Da na tambaye ki dalili kika ce, "Alƙalami, idona ya sha kallon tallan sabulu har ya lalace. Kunnena ne bai riga ya karɓi cin hanci ba."

Ba ki tsaya nan ba. Kika sa aka shimfiɗa kafet mai kauri don kada ƙarar takalmi mai tsini ta gaya miki tsayin mace da yanayin tafiyarta. Kika hana shigowa da turare, wai hancin Darakta ya fi ƙwaƙwalwarsa saurin yanke shawara. Darakta ya yi fushin mako guda, sannan ya koma cin abincin ranan da kike kawo mana daga gida, domin fushi da ke yana da tsada.

Da wannan kujerar kika cika mana allon talabijin da mutanen da muke gani a titi amma ba ma ganin su a shiri. Wani zabiya ya zama manajan banki, ba wanda ya ce uffan game da fatarsa a cikin labarin. Wata mata da ta koyi yarenmu da girmanta, harshenta yana karyewa, ta zama babbar likita. Na yi miki ƙorafin tana ɓata mini jimloli, kika tuna mini cewa ai likitar da ta cire mini haƙori haka take magana, kuma ban hana ta taɓa bakina ba. Sau ɗaya na ga dabararki ta kunyata ki. Wata yarinya kurma ta zo, ta gama wasanta da hannu da fuska, ɗakin ya yi tsit, ke kina can kina jiran a fara. Da aka taɓa kafaɗarki kika juyo kika gane, sai da kika yi dariya har da hawaye, kika roƙe ta ta sake. Ita ce magatakardar kotu a shirinmu har yau.

Amma babban aikinki shi ne Mai Shari'a. Na rubuta labarin wata alƙaliya da manyan gari suke shakka, a raina ina hango doguwar mace fara mai tabarau. Mata da yawa suka karanta jawabin yanke hukuncin, kina zaune kamar an dasa ki. Sai wata murya ta fara, ba tsawa, ba gaggawa. Na ga bayanki ya miƙe. Ba ki juyo ba kika ce, "Wannan ta sa na tuna laifin da ban yi ba. Ita ce." Da kika waiwayo sai ga gajeriyar mace baƙa, malamar lissafi a makarantar firamare, ta jingina da sanda saboda shan inna ya shanye mata ƙafa tun tana ƙarama. Kafet ɗinki ya haɗiye ƙarar sandar.

Mai kamfani mutum ne mai ladabi, ba ya faɗin "a'a" sai ya naɗe ta da addu'a. Ya ce madalla da zaɓi, kuma an yi sa'a alƙali a zaune yake aiki, sai a riƙa ɗaukar ta daga ƙirji zuwa sama. Kika ce, "Yallaɓai, da ƙafarta ta hau benen nan, da ƙafarta za ta shiga kotu." Kika sa ni na sake fitowar farko: ƙofar kotu ta buɗe, ta tako daga can ƙarshe har kujerarta, a hankali, sanda tana buga daɓe, lauyoyi suna tsaye suna jira. Darakta ya ce masu kallo za su canza tasha. Ba su canza ba. Yau ko a layinmu, in yara suna wasan kotu, sai an yi rigima a kan wacce za ta riƙe sanda.

Sau nawa aka so a lanƙwasa matar nan kika tare? An ce a sa ta yi kuka a gaban mijinta ta nemi gafarar yawan aiki. An ce a kawo wani babban alƙali namiji ya riƙa gyara mata kuskure. Kowane karo sai ki shigo ofishina, ki ɗauki littafi a kan kantata ba tare da izini ba, ki zauna kina buɗawa, ki ce, "Na ji an ba ka shawara." Shi ke nan. Littattafaina da yawa suna gidanki, kin cika gefensu da fensir kina musu da marubutan da suka mutu tun kafin a haifi kakanninmu. Ba zan karɓe su ba. Ina tsoron in buɗe in ga hannunki.

Tsoro kuwa shi ne abin da nake kwana da shi tun ranar Litinin ɗin nan, Yaya, kuma ba zan ɓoye shi a bayan yabo ba. Kin san masu ɗaukar nauyin sabon zangon shirin kamfanin man shafawa ne, irin man da ke yi wa mace alkawarin wayewar gari da sabuwar fata. Kin san abin da suka nema: Mai Shari'a ta yi ritaya, ko ta yi hatsarin mota mai ban tausayi, wata matashiyar lauya mai haske ta gaje ta. Kin ce musu sai dai su nemi wata mai zaɓen. Ga shi ba su nema ba, mutuwa ta yi musu aikin.

A gidanki, wurin gaisuwa, malamar da ke fitowa a matsayin Mai Shari'a ta same ni a bakin ƙofa ina neman takalmina. Idonta ya kumbura. Ta yi mini ta'aziyya, na yi mata, sannan ta rage murya ta ce, "Malam, a kashi na nawa za ka kashe ni? Ka faɗa mini da wuri, in je in roƙi hedimasta ko zai mayar da ni aji." Na ce haba Malama, wace irin magana ce wannan. Ta dube ni irin duban da take yi wa mai shaidar zur, ta ce, "To, Allah ya sa." Ta juya, ina jin sandarta har ta fita layin. Na taɓa rubuta wa wannan duban shafi guda, ban san zafinsa ba sai da ya sauka a kaina.

Da na koma aiki na leƙa ɗakin gwaji. An naɗe kafet an jingine shi, wai za a kai wanki. A kan tebur ga hotunan 'yan mata a jere, dukansu kyawawa, dukansu kamar uwa ɗaya ta haife su a rana ɗaya. Kujerarki kuma wani ya juyo da ita tana fuskantar ɗaki. Ban san wanda ya yi ba, wataƙila mai shara ne da kyakkyawar niyya. Amma gabana ya faɗi fiye da yadda ya faɗi a maƙabarta. Mai kamfani ya dafa ni ya yi miki addu'a mai tsawo, sannan ya ce ranar Alhamis mai zuwa akwai gwaji, ni zan zauna a madadinki, kuma yana so in zo da kashin da za a yi wa Mai Shari'a "sallama ta mutunci".

Kin san ni. Jarumtata a kan takarda take. Na iya sa mace ta tsaya gaban azzalumi ta faɗa masa gaskiya, amma ni in mai kamfani ya yi gyaran murya sai in ji na yarda da abin da bai riga ya faɗa ba. Ina tsoron ranar Alhamis. Ba korar da za a iya yi mini ce ta fi damuna ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zan iya rubuta wannan hatsarin motar ya yi kyau, har mutane su yi kuka su yaba mini.

Da kowa ya fita, na ja kujerar na mayar da ita ƙurya, na zauna na fuskanci bango, don in ji abin da kike ji. Ashe wurin ba daɗi. Ba ka ganin fuskar mai biyan ka albashi, ba ka san ko murmushi yake ko ya ɗaure ba, ƙeyarka sai ta riƙa yi maka kamar ana nuna ta da yatsa. Ina nan zaune sai na lura da wani abu daidai inda hannun dama yake kaiwa: fentin bangon ya kankare, wuri kamar faɗin tafin yaro, duk sawun farce. Na daɗe ina duban sa. Shekara da shekaru muna cewa Yaya ba ta da tsoro, muna fakewa a bayanki da wannan maganar. Ashe kina jin sa. Kina kankare bango da farce, muryarki kuma tana fita daidai.

Saboda haka nake rubuta wannan a inda kowa zai karanta, don in ɗaure kaina tun kafin Alhamis ta zo ta same ni ni kaɗai. Ba zan rubuta mutuwar Mai Shari'a ba, ba zan rubuta ritayarta ba. Zan shimfiɗa kafet da hannuna, in zauna ina kallon bango. Masu kallo, in kuka wayi gari kuka ga motarta ta ƙwace a kan hanya, ko ta tashi da wani ciwon da ba ta kwanta da shi ba, kada ku zargi ƙaddara. Ni ne. Ku tare ni a titi ku tambaye ni. Malama, kada ki je wurin hedimasta tukuna. Ban yi miki alkawarin zan yi nasara ba, amma ba da alƙalamina za a yi ba.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ta yi rayuwarta tana ƙin auna bayinKa da fata da tsayi da lafiyar ƙafa. Ka dube ta da idon rahama, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi, Ka amintar da ita daga dukkan tsoro a ranar da kowa zai ji tsoro.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarta, wadda ta ga abin da kowace uwa take roƙon kada ta gani. Ga maigidanta, wanda ya yi haƙurin zama da mace mai gaskiya kuma na san yana alfahari da hakan. Ga 'ya'yanta uku da ƙannenta. Ga magatakardar kotu, da manajan banki, da likita, da duk wanda ya taɓa shiga dogon ɗakin nan gabansa yana faɗuwa ya tarar da bayan wata mata tana sauraron sa. Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Ni kuma ku sa ni a addu'a ranar Alhamis. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa Aljanna ce makomarta, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.