Baƙin Man da Hamidou Ba Ya Zubarwa

Duk mai jin Hausa da ya zauna a Greensboro a shekarun dubu biyu da 'yan kai ya san Hamidou Badamagare. Ba surutu ne ya sa aka san shi ba, don Hamidou sai ka gaji da tambaya kafin ya ba ka amsa. Hannunsa aka sani. A gareji ya tashi a Damagaram, ƙarƙashin tsofaffin motocin da ke kai kaya Agadas, kuma ko da ya zo Amurka ya kama aiki a kamfanin haɗa kujeru a High Point, bai taɓa yarda wani ya taɓa masa inji ba. A kamfanin nan muka haɗu. Ni Bakano ne, don haka tun ranar farko na sanar da shi cewa bawana ne, shi kuma ya ce kakansa ne ya kori nawa har ƙofar gari. Da haka muka zama aminai.

Ya baro matarsa Aissa a gida da jaririya a goye, sunanta Yasmina, da niyyar ba zai daɗe ba zai ɗauko su. Takardu suka ja, har yarinya ta shiga makaranta ba ta san ubanta ba sai murya a waya. Duk tsawon lokacin nan yana cunkushe da wasu gwauraye a wani bene da ke High Point Road, inda ko bonet ka ɗaga a wurin ajiye motoci sai manaja ya fito yana karanta maka doka. Hamidou ya rantse ba zai sauke iyalinsa a irin wannan wuri ba. Ya yi ta neman gida, ana jin muryarsa a waya ana cewa an riga an kama, har Allah ya haɗa shi da wata tsohuwa mai suna Lucia, can McLeansville, gabas da gari. Mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai, a bayan gidanta kuma akwai wani ƙaramin gidan katako da ɗan fili. Ta ba shi haya. Rijiya ɗaya gidajen biyu ke sha, irin mai injin famfo, an yi mata ɗan ɗakin katako a tsakaninsu.

Gidan nan ya shiga ran Hamidou fiye da yadda nake iya faɗa. Kowane katin waya ya saya, rabinsa a bayanin gida yake ƙarewa: ga ɗakinki, ga inda za ki shanya, ga inda na shuka miki kuɓewa da yakuwa. Amma a tsorace yake zaune a ciki. Lucia tana da ɗa a Sedgefield wanda ya daɗe yana matsa mata ta sayar da filin duka, kuma tun farko bai so ta sa ɗan haya ba. Hamidou ya san kuskure ɗaya ya isa. Shi ya sa yake yanke ciyawar gidajen biyu, yana fitar wa tsohuwa da shara, ko rediyo ba ya ɗagawa. Na sha yi masa tsiya cewa ya zo Amurka ya zama dogarin tsohuwa, sai ya yi murmushi kawai.

A bazarar 2006 biza ta fito. Aissa da Yasmina za su sauka a New York, kuma Hamidou ya ce da motarsa zai je ya ɗauko su, ni ne abokin tuƙi. Tsohuwar jif ce ya saya hannu na biyu, shi kat-kat yake ce mata irin na mutanen Nijar. Asabar ɗin da ta rage kafin tafiya ya kira ni in zo, wai zai yi mata bidanj, wato juyen mai. Na ce ai akwai masu yi a kowace kwana ta gari, ya ce yaran da ko sunan uban motar ba su sani ba, ba za su taɓa motar da za ta ɗauko masa mata ba.

Na same shi da hantsi ya riga ya ɗan ɗumama injin, don man ya saki. Ba ya yarda da jak, sai ya hau da ƙafafun motar na gaba kan wasu katakai masu kauri, ya sa dutse a bayan taya, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙasa da sufana da tsohon baho. Na ji ya yi bisimilla, notin ƙasa ya saki, man ya tsiyayo baƙi ƙirin. Ya bar shi ya tsane sarai yana kwance yana kallo, yana ba ni labarin labulen da ya saya. Filtar mai ta ƙi kwancewa, ya nemi tsohon bel ɗinsa na wando ya naɗa mata ya murɗa, ta bi. Ya leƙa ya tabbatar robar tsohuwar filtar ba ta maƙale a jikin inji ba, ya tsoma yatsa a sabon mai ya shafa wa robar sabuwar, ya ɗaura ta da hannu kawai. Ya mayar da noti, ya fito, ya zuba sabon mai ta mazurarin da ya yanka daga robar lemo, ya zaro gejin auna mai ya goge ya sake dubawa. Da ya tayar da mota sai ya durƙusa yana leƙen ƙasa, ko ɗigo babu. Aiki ne mai tsabta, ko ni da ba na yabon Badamagare sai da na yaba.

A da, nan nake sallama in tafi, don na sha kawo tawa motar ya yi mata, haka ma sauran 'yan'uwa kowane ƙarshen mako. Ranar dai na tsaya saboda za mu tsara hanya. Sai na ga ya ɗauki bahon baƙin man da wata guntuwar tsintsiya, ya nufi ginshiƙan barandarsa. Ya shafe gindin kowanne, ya ɗan tuttula a ƙasa. Daga nan ya miƙe kai tsaye zuwa ɗakin rijiya.

“Hamidou, me kake yi?”

“Gara,” in ji shi, ko waiwayowa bai yi ba. “Ta fara cin ƙafar ɗakin rijiyar tsohuwa. Taimakonta nake yi.”

Na bi shi na duba. Ƙasar da ke kewaye da ɗakin ta yi baƙi ta daskare, ciyawa ta mutu, wari yana tashi a zafin rana. Ba aikin yau ba ne. Ya yi mini bayani hankalinsa kwance, har da ɗan alfahari: a Damagaram wa ke zubar da baƙin mai? Ana shafa wa azara da ƙyaure saboda gara, ana zubawa a masai saboda sauro, mata har layi suke yi a ƙofar gareji da gwangwani. Tun da ya tare ya ga gara a katakon nan, duk man da ya fito daga kowace mota nan yake zuwa. Har da nawa ke nan.

Haushi ya kama ni, tsoro ya fi haushin yawa. Na gaya masa a nan ƙasar zuba wannan abu a ƙasa laifi ne, shagon da yake sayen filta ma suna da tanki a baya don karɓarsa. Na ce rijiyarsu ba irin ta gida ba ce da ake leƙawa a ga ruwa, tana shan abin da ƙasa ta sha ne, kuma ga shi ya shekara yana shayar da ita a bakinta. Ina magana ina ganin fuskarsa tana sauyawa. Ya ajiye bahon a hankali, ya dubi ƙasar, ya dubi tagar kicin ɗin Lucia.

Shawarata mai sauƙi ce, kuma har gobe ban ga wautarta ba. Na ce mu je mu sayo ƙasa da ɓawon itace irin na lambu mu rufe wurin, a daina zubawa, a yi shiru har iyali su sauka su zauna. In ɗan nan na Sedgefield ya ji, ya sami abin da ya daɗe yana nema. Na faɗa da lallashi, na faɗa da faɗa. Ya zauna a kan matakala, har na ɗauka na ci nasara.

“Malam,” ya ce, “da ruwan nan tsohuwar take haɗiye maganinta kullum. Mako mai zuwa kuma Yasmina zan ɗebar wa.”

Ya wanke hannu da sabulu, ya sake riga, ya ce in zo in yi masa tafinta don Turancinsa guduwa yake in hankalinsa ya tashi. Na bi shi ina zaginsa a zuci. Lucia tana zaune a kicin da kofin shayi mai ƙanƙara a gabanta. Na faɗi abin da ya ce in faɗa, ban ƙara ba, ko da yake na so in rage. Ta saurara har ƙarshe, ta dubi kofin, ta ɗan ture shi gefe. Ba ta yi fushi ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ta san alheri ya nufa, amma wannan ya fi ƙarfinta, dole ta kira ɗanta.

Jiran zuwansa ya fi komai wuya. Hamidou ya kasa zama, ya goge sufanunsa, ya sake goge su, ya ninke kwalin, duk motar da ta wuce a titi sai ya miƙe. Bayan azahar mutumin ya iso cikin kayan wasan golf. Bai ɗaga murya ba, ko gaisuwar Hamidou bai amsa ba. Ya zagaya ɗakin rijiyar yana ɗaukar hoto, ya ce za a kai ruwan a auna, za a kwashe ƙasar, kuma duk abin da awon ya nuna, ƙarshen wata ɗan haya ya fita. Lucia ta fara cewa ai shi ya zo da kansa ya faɗa. Ɗan ya juya ya tambaye ta tun yaushe take shan ruwan.

A makon nan Hamidou yana tashi daga aiki sai ya ɗauki shebur. Ya haƙe kewayen rijiya da gindin baranda, yana loda ƙasar a duro, duk da an gaya masa masu aikin kwashe ƙasa za su zo su sake nasu. Kowace safiya yana ajiye wa Lucia galan-galan na ruwan kanti a ƙofa kafin ta tashi. Abu ɗaya ne ya kasa. Aissa ta kira tana sallama da dangi, ana ta guɗa a bayanta, ya riƙe waya ya ce Allah ya kawo su lafiya, ya ajiye. Na ce ka gaya mata, ya ce a mota.

Motar kuwa ta yi tafiya kamar sabuwa, har abin ya ba ni haushi. A filin jirgi Aissa ta fito da akwatuna ɗaure da igiya, Yasmina ta ɓuya a bayan zanenta tana leƙen uban da ba ta sani ba. Hamidou ya durƙusa ya yi kuka a gaban mutane, ni ma na juya baya. A hanyar dawowa Aissa ba ta da zance sai na gida. Kuɓewar ta yi 'ya'ya? Tsohuwar tana da kirki? Ta ce ta taho mata da turaren wuta. Duk garin da muka wuce sai in hango Hamidou ta madubi ya buɗe baki, ya sake rufewa. Na ƙara gudu, na rage gudu, ban san wanne zai taimake shi ba.

Da safe muka shiga McLeansville. Aissa ta sauka ta tsaya tana kallon gidan, ta ce ashe bai yi mata ƙari ba. Ta ga ramin da ke gindin baranda ta tambaya, ya ce gyara ake yi. Ta shiga da ƙafar dama, ta shafa bango, ta leƙa kowane ɗaki, ta yaba labule. Muka shigo da akwatunan falo. Ta ce a fara da babban, nan kwanukan aurenta suke, tun ranar da ya tafi ba ta ci abinci a cikinsu ba. Ta durƙusa ta kama ƙullin igiyar da haƙori. Hamidou ya matso ya dafa akwatin.

“Aissa,” ya ce, “bar shi a ɗaure. Kada ki kwance kayan.”