Daɓen da Shanu Suka Ƙi Takawa

Cikin shekarun da na yi ina riƙe da cokalin magini, ranar da muka buɗe mashayar dabbobi a wajen Farin Dutse ba ta taɓa fita raina ba. Lokacin ban daɗe da zama shugaban magina ba a wurin wani ɗan kwangila a Birnin Kudu. Ga wanda bai sani ba, shugaban magina shi ke tsakanin injiniya da leburori: injiniya ya zana a takarda, shi kuma ya tsaya a rana har zanen ya tabbata.

Aikin ba babba ba ne. An haƙa rijiyar burtsatse, aka ce mu gina komin shan ruwa mu daɓe kewayensa da kankare, don makiyayan wurin su huta da kora shanu rafi mai nisa a tsakiyar bazara. Na so in nuna gwaninta. Na sa aka shafe daɓen da zallar siminti, aka goge shi har yana ƙyalli.

Ranar buɗewa aka cika komi, aka koro garken farko. Shanun suka zo bakin daɓen da sauri, sai suka ja birki. Wata karsana ta yi ƙarfin hali ta hau, ƙafafunta na baya suka zame a jiƙaƙƙen siminti, ta durƙusa. Allah ya kiyaye ba ta karye ba, amma daga nan babu wadda ta sake matsowa. Ga ruwa suna gani, ga ƙishirwa, suna ta kuka.

Ardo Buba, dattijon rugar makiyayan, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, “Malam Sale, aikinka ya yi kyau. Amma ɗakin amarya ka yi mana.”

Da yamma na faɗa wa Injiniya Lawan, wanda ke duba aikin. Bai yi faɗa ba. Ya ce, “Ku sassare fuskar daɓen, ku ɗora sabon kankare kaurin yatsu uku. Wankakkiyar tsakuwa za ku yi.” Wato a zuba kankare, a watsa tsakuwa a kai, a danna ta da katako, sannan kafin ya gama bushewa a wanke simintin sama da ruwa da buroshi, kawunan duwatsun su fito, ƙafa ta sami abin kamawa.

Na kawo fasasshen dutse, wanda muka saba aiki da shi. Ardo ya ɗebi hannu guda, ya zuba a ƙasa, ya cire takalminsa ya taka. Ya ɗaga ƙafa yana yamutsa fuska.

“Wannan zai ci kofato. Saniya mai ciki ba za ta yi wata guda a kansa ba sai ta fara ɗingishi.”

“To Baba, wanne za mu sa?”

“Na rafi, wanda ruwa ya riga ya lashe masa kaifi.”

Kwana biyu mutanensa suna kawo tsakuwar rafi a amalanke. Shi da kansa ya zauna gindin wata kanya yana tsincewa, mai kaifi gefe, mai faɗi gefe, ya bar masu kamar ƙwan zabo.

Wahalar wannan aiki duk a lokacin wanki take. Ka yi gaggawa, tsakuwar ta biyo buroshi. Ka yi jinkiri, siminti ya kame, sai guduma. Da muka zuba kankaren muka danna tsakuwar, saboda zafin rana sai muka yayyafa ruwan sukari a sama don ya jinkirta bushewa, makiyaya suna dariya wai ƙasa muke ba shayi. Na riƙa danna yatsa ina gwadawa har bayan la'asar, sannan na ce a kawo ruwa. Duwatsun suka fito ja da fari da ruwan ƙasa, ko ɗaya bai tashi ba.

Sai abin da ya fi mini nauyi: na ce wa Ardo sai an yi mako guda ana jiƙa daɓen a ƙarƙashin buhuna kafin a taka. Mako guda ke nan na komawa rafi, saboda kuskurena. Ya ce, “Mun yi shekaru muna zuwa. Kwana bakwai ba zai kashe mu ba.”

Rana ta takwas ya sa aka fara sako wata tsohuwar saniya da garken ke bi. Ta sunsuna daɓen, ta ɗora ƙafa ɗaya, ta tsaya. Sannan ta taka har bakin komi ta tsoma baki. Sauran suka biyo ta.

Ku da kuke tasowa a sana'ar nan, injiniya zai ba ku awo, ni zan koya muku haɗi. Amma kafin ku kwaɓa siminti, ku nemi wanda zai taka wurin kullum, ku tambaye shi. In ba ya magana, ku tambayi mai kiwonsa.