Rufin Inna Gambo da Awakinta

Har gobe ba zan manta da ranar da Inna Gambo ta riƙe min hannun riga a bakin zaurenta ba. Lokacin ina foman a wani ƙaramin kamfanin gine-gine a Gezawa, ritayata ta kusa. Ga wanda bai san tsarinmu ba, lebura ne a ƙasa, sai kafinta, sai foman, sannan Injiniya mai kamfani. Foman ne ke zuwa ya auna gida, ya faɗi irin katako da kwanon da za a saya, kuma ba a sauke kaya a wurin aiki sai ya amince. Ku yaran yanzu gani kuke foman ba shi da aiki sai riƙe ƙugu da tsawa, to ku buɗe kunne.

A tsakiyar bazara ne Injiniya ya tura ni wani ƙauye a bayan Gezawa. Wani Alhaji Nasiru, ɗan kasuwa da ke zaune a Rijiyar Zaki, yake so a sauke wa mahaifiyarsa rufin ƙasa a sa mata kwano kafin ruwa ya sauka. Azara ta ruɓe, daminar da ta wuce har da kwanuka tsohuwar ta riƙa tarar yoyo. Alhaji ya riga ya zaɓi kamfani: wani sabo mai yin jan kwano, mai ƙyalli, irin wanda ya cika unguwarsu a birni. Ni dai awo kawai aka ce in yi.

Na gama awo zan hau babur, sai ta riƙe ni. Da yake Alhaji ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa.

"Malam Sabo," ta ce, "yaron nan ya rantse in rufin nan ya sake yoyo, ɗauke ni zai yi ya kai ni birni. Ni a nan aka kawo ni amarya, a nan na wanke gawar mahaifinsa da hawaye. Ka yi min rufin da zai bar ni a gidana."

Maganar ta tsaya min a rai. Na koma ciki na sake duba gidan da wani ido. A jikin ɗakinta akwai turken awaki, kuma bisa tsarin da aka ba ni, rufi ɗaya ne zai rufe ɗakin da turken. Kun san ƙasarmu, gona na jikin gona, ba makiyaya. Da an yi shuka sai a ɗaure dabbobi a gida har kaka, ana yanko musu ciyawa, ana tara takinsu don gona. Wata da watanni kenan fitsarin awaki na tashi yana bugun kwano ta ƙasa. Na sha ganin kwanon da samansa ke ƙyalli amma cikinsa ya cinye.

Da na koma ofis na ce wa Injiniya ban amince a sauke jan kwanon ba tukuna.

"Mai gida ya zaɓa, ga hadari ya fara haɗuwa," in ji shi. "Kai me ye naka?"

"Ranka ya daɗe, ban ce kwanon ba shi da kyau ba. Ban sani ba ne. A ba ni dama in je in gani."

Ya harare ni, ya ce taurin kaina ne zai kai ni ritaya ba shekaru ba, amma ya kira Alhaji ya haɗa mu.

Ranar Asabar Alhaji ya zo da motarsa, fuskar nan ba annuri. Na ce masa ni ban san kamfani ta takardar talla ko ta samfurin da ake rataye wa a shago ba. Tsohon aikinsu nake nema, wanda ya ci damina ya ƙoshi. Muka bi ƙauyuka, duk gidan da muka hango jan kwano sai mu yi sallama. Masu gida har mamaki suke, don ba waje muke tsayawa mu yaba ba, izini muke nema mu shiga mu ɗaga kai.

Gaskiya a gidajen da ba turke, jan kwanon lafiyarsa lau. Alhaji ya fara murmushi yana kallona. Sai muka shiga gidan wani mai kiwon raguna. Daga waje rufin kamar jiya aka buga shi. A ciki kuwa, saitin turke, tsatsa ta bi layin ƙusoshi, rana na leƙowa ta ƙananan huji kamar rariya. Shi Alhajin da kansa ya miƙa hannu ya taɓa, kwanon ya marmashe masa a yatsa. A wani gidan muka tarar da farin kwanon alminiyam na wani tsohon kamfani, ya dushe, ba kyan gani ko kaɗan, amma a kan turken shanu yake kuma ko tabo babu.

Mun dawo gidan Inna da la'asar, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe da saura. Alhaji ya zauna a gefen tabarmarta ya ce, "Inna, abin ai mai sauƙi ne. A sayar da awakin, a sa miki jan kwano, kowa ya wuce ya san kina da ɗa."

Ba hurumina ba ne in shiga tsakanin uwa da ɗa, amma na ƙudura ko aikin zai bar hannunmu ba zan yi shiru ba. Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"In ka sayar da su, wa zan tashi in yi wa magana da safe?" ta ce. "Kai kana birni, ƙannenka na gidajen mazajensu. Ai gara ka bar min yoyon."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Tausayinsu su biyun ya kama ni, don shi ma ba mugunta ce ta sa shi ba, so yake a ga ya kyauta wa uwarsa. Can ya ɗago ya ce, "Malam Sabo, a sa mata farin."

Tsohon kamfanin muka je har masana'antarsu, na tsaya a kai aka yanka mana mai kauri, don alminiyam in ya yi siriri iska na yaga shi a bakin ƙusa. Na sa aka ɗaga katangar turken, aka bar tazara tsakaninta da rufi domin iska ta riƙa fitar da zarni. Ruwan farko ya same mu muna tattara kayan aiki. Inna ta shiga ɗaki ta fito, ta shiga ta fito, tana duba ƙasa, ta rasa inda za ta ajiye kwanon tarar yoyo.

Bayan na yi ritaya da shekaru aka aiko min Allah ya yi mata rasuwa. Na je ta'aziyya cikin damina, ana yayyafi. Halin sana'a bai bar ni ba, ina shiga gidan na ɗaga kai. Alhaji Nasiru ya kama ni ina yi, ya matso kusa da ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Ko ɗigo, Malam Sabo," ya ce. "A ɗakinta ta cika, tana jin kukan awakinta."

Abin da aikin nan ya koya min kenan, kuma shi nake bar muku. Mai biya yana kallon rufi ne daga hanya, wanda zai zauna kuwa daga ƙasa yake kallonsa. Kafin ku tambayi wane kamfani ne ya fi, ku shiga gidan ku ga wa da me za su kwana a ƙarƙashi.