Kwamared Dabo da 'Yarsa ta Mariupol

Duk wanda ya taɓa cin tuwon suna a Greensboro ta Amurka ya san Dabo, sai dai Kwamared ake ce masa. Direban bas ne, daga tashar cikin gari zuwa East Greensboro, kuma shi kaɗai ke zuwa Juma'a da hular gashi mai jan tauraro irin na sojan Sobiyat a goshi, ko da zafi ya sa liman ya taƙaita huɗuba.

"Kwamared, zomon nan na kanka ya karya kuwa?" in ji Alhaji Rilwanu mai sayar da motoci.

"Ya karya, Alhaji. Tumbinka ne ba ya ƙoshi."

Yana saurayi gwamnati ta tura shi Tarayyar Sobiyat koyon narka ƙarfe, a wani garin bakin teku, Mariupol. A wurinsa, kamar a wurinmu duka, can ɗin Rasha ce kawai, ba ruwanmu da wane ne ɗan Yukren. Ya auri Nadiya, suka haifi Anissa. Ya dawo Najeriya da alkawarin zai aiko su taho da zarar masana'anta ta fara aiki an ba shi gida. Masana'antar ko cokali ba ta narka ba. Sobiyat ɗin ma ta watse, wayar maƙwabtan Nadiya ta daina shiga, kunya ta ƙarasa sauran. Daga baya ya faɗo Amurka, bai sake aure ba.

In ana kallon fim aka nuno mugu da muryar Rashawa, sai ya miƙe. "Ƙarya ne! Mutanen da suka tuɓe riga suka ba ni cikin ƙanƙara?" A yi ta dariya, a ce ya zauna ya tare talabijin.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren aka soma nuno Mariupol tana ci da wuta, bakin Dabo ya mutu. Ya nemi Anissa ta duk kafar da waya ta sani, bai dace ba. Ana nan sai Malachy, mutumin Jos da suke tuƙi tare, ya ce cocinsu ya sauki wata dattijuwa mai suna Oksana da ɗanta a Pleasant Garden can bayan gari, kuma 'yan Mariupol ne.

Dabo ya yi aski. Ya sayi baƙin burodi, ya goge tauraron hula har yana ɗaukar ido. A ganinsa zumunci ne, kamar ka je wa Bakano da kilishi.

Oksana tana shara a ƙofar gida. Dabo ya sauko daga motar Malachy yana zuba mata gaisuwa da Rashanci, hannu a buɗe. Ba fuskarsa ta kalla ba, goshinsa ta kalla. Ta jingine tsintsiya ta shige ciki.

"Mama ta daina jin wannan yaren," in ji ɗanta da Turanci. "Cire abin nan, don Allah."

"Kai ma dai, Kwamared," Malachy ya ce a hankali. "Ta'aziyya ka zo ko fareti?"

Dabo ya tuɓe hular ya cusa a hammata. Sanƙon da ba mu taɓa gani ba ya fito fili. Ya matsa jikin ƙofa ya faɗi sunan layin da ya bar iyalinsa, ya ce 'yarsa yake nema.

An jima kafin ƙofar ta buɗu. Oksana ta amsa masa da yaren da ta rantse ta bari. Ta san layin, a can take hawa taragon zuwa aiki. Benayen sun ƙone tun farkon yaƙi. Wasu an binne su a tsakar gida, wasu an kwashe su a motoci an yi gabas da su wajen Rasha, wasu sun tsira ta yamma. Amma akwai wata baƙar mace da ke aiki a kantin magani na kusa, ba ta san sunanta ba.

Dabo ya ƙara matsowa.

"'Yar taka ta yi aure?" Oksana ta tambaya. "Sunan wa take amsawa?"

Bai sani ba.

"Tana da yara? Me ta karanta?"

Wannan ma bai sani ba.

"To doguwa ce ko gajera? Ta kantin doguwa ce."

Dabo ya buɗe baki. Sai kawai hannunsa ya sauka da kansa, ya tsaya daidai gwiwarsa, iya tsayinta ranar da ya bar ta. Oksana ta dubi hannun, ta dubi furfurar gemunsa, ta karɓi burodin don kada ya ji kunya, ta mayar da ƙofa.

A hanya Malachy ya yi ta tambayar me ta ce. Sai da suka wuce gonaki suka shigo gari Dabo ya amsa.

"Ta ce akwai wata doguwa."

"To ai alhamdu lillahi, kamar yadda kuke cewa! Ita ce?"

"Ina zan sani, Malachy? Sauke ni a tasha, ina da aikin yamma."