Tsuntsun Baba a shekarar fari

Shekarun baya, lokacin babban farin da ya ƙone mana gero damina bayan damina, ina zaman aure a Madarumfa. Tabkin garin ya ja baya har inda muke wanki a da ya zama busasshen laka. Maigidana ya ce mu kwashe mu ƙetare iyaka, wai can akwai aikin dako. Ni kuwa ban so ba ko kaɗan. Lambuna yana nan, mahaifiyata tana Safo, wa zan bar wa su?

Maganar ta tsaya a wurin surukina. Tsohon masunci ne, idanunsa sun daɗe da rufewa, da kunne yake sanin tabki. Ya ce akwai wani ɗan tsuntsun ruwa mai jan wuya, mai kuka kamar haniniyar ɗan doki, ba ya zama sai inda ruwa ke da sauran rai. In tsuntsun yana nan, shi tsohon ba inda za shi. In ya tafi, a ɗaure kaya. To ga shi ya daɗe bai ji kukan ba.

Na ce, "Baba, ni fa ina ganin wasu ƙananan tsuntsaye suna nutso wajen gaɓa."

Ya ce, "'Yar nan, ke da kika taso cikin gonar gero, kin san bambancin agwagwa da kaza?"

Abin ya sosa mini rai. Da sassafe na riƙe bakin sandarsa, ina gaba yana baya, muka ratsa laka. Mata na kallo, wai sabon salo, suruka da ja-gora. Ban ko waiwaya ba.

Da muka kai bakin ruwa sai ga ɗaya. Ya ce in faɗa masa abin da na gani.

"Ƙarami ne, bai kai kaza ba."

"Wutsiya fa?"

"Babu, Baba. Bayansa a dunƙule kamar curin auduga."

"Tafa hannu."

Na tafa. Bai tashi sama ba, ya nutse, ya ɓullo can nesa. Baba ya gyara tsayuwa.

"Wuyan fa? Ja ne?"

Nan na yi shiru. Wuyan ba ja ba ne, fari-fari ne mai ƙasa-ƙasa. Da na ce ja ne, shi ke nan, mun zauna, kuma ba mai ƙaryata ni. Amma ni ba a haife ni in yi wa makaho ƙarya da idona ba.

Na ce, "Ba ja ba ne, Baba."

Ya ce, "To, mu koma, ki fara haɗa tukwanenki."

Mun juya ke nan, ina haɗiye hawaye, sai kukan ya taso daga bayanmu, siriri, yana rawa yana gangarowa. Tsohon nan ya fizge sandar har na kusa faɗuwa.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Ja'iri, ashe tuɓe rigar ado ya yi!"

Ashe jan wuyan na lokacin ƙwai ne kawai. Baba ya shekara nawa a kan ruwa, bai taɓa lura ba sai da ya ari idona.

Maigidana ya tafi cin rani shi kaɗai, mu muka zauna. Mun sha wuya, ba zan ɓoye muku ba, har ganyen da awaki ke ci mun dafa. Ba na cewa tsuntsu ya san gaibu, Allah kaɗai ya sani. Amma ruwan bai ƙare ba, lambun ya riƙe mu.

Abin da nake yawan tunawa shi ne wancan shirun, tsakanin tambayarsa da amsata. Gidana gaba ɗaya yana kan harshena a lokacin. Har yau in yara suka zo suna cewa sun ga agwagwa a tabki, sai in ce su koma su duba wutsiya, su tsaya su saurara, sannan su zo su faɗa mini abin da suka gani, ba abin da suke so ba.